Malamin Aji Ɗaya da Yaron da Ba Ya Ganin Allo

Kano ba ta rasa wurin karantar da makafi ba. Akwai makarantar Tudun Maliki, akwai kuma sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero, wadda titin tsohon matsuguninta ya bi ta gaban Ƙofar Na'isa. A Oyo, tun 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwalejin horar da malaman wannan fanni. Sai dai yawancin wannan tanadi na yaron da makantarsa ta riga ta bayyana ne.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗan shekara shida a firamaren unguwa, a Ƙofar Na'isa ko wani lungu na cikin Badala, wanda ke gani dishi-dishi. Ƙyanda ta taɓa masa ido, ko an haife shi da yanar ido, ko tabarau kawai yake buƙata. Yana kanne ido, yana kai littafi dab da hanci, yana kwafar aikin na kusa da shi. Malamin da ba a koya wa waɗannan alamu ba zai kira shi daƙiƙi, wani lokaci har da bulala. Daga nan yaro ya tsani makaranta, alhali ƙwaƙwalwarsa lafiya lau.

Don haka nake ganin kuskure ne a bar wannan ilimi a hannun ƙwararru kaɗai. Duk mai neman shaidar NCE don koyar da ƙananan yara ya kamata ya yi shi a aikace, ba a takardar jarrabawa kawai ba: ya iya gwada ganin yaro da allon haruffa, ya zaunar da shi gaba inda haske yake, ya riƙa furta abin da yake rubutawa, ya san ɗigo shida na rubutun Braille, ya kuma san lafazin da zai gaya wa iyaye su kai ɗansu asibitin ido ba tare da ya tsorata su ba.

Za a ce ajin da ya cika maƙil ba ya barin malami ya lura da kowa. Gaskiya ne, amma sauya wa yaro benci ba ya cin ko kwabo. Koyarwa ta kunne ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da ita makarantun allo suka yaye makafi mahaddata, kuma Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ba yaron nan haƙƙin karatu. Ya rage ga kwalejojin ilimi na Kano su tura ɗalibansu Tudun Maliki koyon aiki kafin su ba su shaida.