Yanayin Wasa a Babbar Manhaja da Amfaninsa a Na'urorin Madarunfa

Yanayin wasa wani tsari ne da ake sakawa cikin babbar manhajar kwamfuta ko wayar salula, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya irin su Windows da Android, domin a fifita wasan da ake bugawa a kan sauran ayyukan da na'urar ke yi a ɓoye. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi: Game Mode a Windows da na'urorin Apple, Game Booster a Samsung, Game Space a Tecno. A Madarunfa, babban garin gundumar da ke kudu da birnin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar da kimanin kilomita 20, an fi haɗuwa da shi a wayar hannu, inda matasa ke kunna shi kafin su shiga Free Fire ko eFootball, da fatan wasan zai daina sarƙewa.

Asali

Samsung na cikin waɗanda suka fara, lokacin da ya fito da Game Launcher tare da wayar Galaxy S7 a shekarar 2016. Microsoft ya biyo baya a watan Afrilun 2017, inda ya saka Game Mode cikin sabuntawar Windows 10 da ake kira Creators Update. Daga baya tsarin ya koma yana zuwa a kunne tun daga farko. A 2018 kamfanin Feral Interactive na Ingila ya samar da makamancinsa ga Linux. Google ya buɗe wa masu ƙera wasanni hanyar amfani da shi a Android 12 ta shekarar 2021, Apple kuwa sai a 2023 ya kawo shi kwamfutocinsa, sannan a 2024 ya kai shi iPhone.

Yadda yake aiki

Ana auna tafiyar wasa da yawan hotunan da na'ura ke zanawa a cikin daƙiƙa guda. Idan wasa na tafiya a kan hotuna 60, kowane hoto yana da milisakan 16.7 kacal a gama shi. Idan 30 ne, yana da 33.3. Abin da ɗan wasa ke ji a matsayin sarƙewa galibi hoto ɗaya ne da ya makara, saboda a daidai wannan lokaci furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta juya ga wani aiki, kamar binciken ƙwayoyin cuta na kwamfuta ko saukar da saƙonnin WhatsApp. Don haka masu gwaji ba sa tsayawa ga matsakaicin adadi kaɗai, suna kuma duba hotunan da suka fi kowanne jinkiri, domin a nan ne ido ke ganin tangarɗa.

Aikin yanayin wasa shi ne rage irin wannan katsalandan. A Windows yana ba wasa fifiko wajen rabon lokacin furosesa, yana hana sabunta direbobi (ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassan na'ura) da sanarwar sake kunna na'ura yayin da ake wasa. Shi kansa Microsoft bai yi alƙawarin ƙarin gudu ba. Abin da ya ce shi ne tsarin na taimakawa wajen daidaita yawan hotuna, gwargwadon wasan da na'urar. A na'urorin Apple ana ƙara ninka saurin karɓar saƙon Bluetooth, don madannin wasa su amsa da wuri. Tsarin ya yi kama da mai rabon ruwa a gonar noman rani: yana iya karkata ruwa zuwa fangali ɗaya, amma rijiyar ba ta ƙaru da ko guga guda ba.

Daga nan sakamakon gwaje-gwajen mujallun fasaha tun 2017 ya fito fili. A kwamfuta mai ƙarfi wadda ba ta da wani aiki sai wasan, bambancin kunnawa da kashewa kan yi ƙanƙanta har ya shige cikin kuskuren awo. A ƙaramar kwamfuta da aka cika da shafukan intanet da manhajoji a buɗe, hotunan da suka fi jinkiri sukan inganta, wasan ya yi santsi ko da matsakaicin adadi bai motsa sosai ba. Akwai kuma lokutan da tsarin ya jawo akasin abin da ake so: a 2020 masu buga Call of Duty: Warzone da dama sun koka cewa shi ne ke haddasa musu tsayawar hoto.

A wayar salula al'amarin ya fi sarƙaƙiya, domin mafi yawan wayoyi ba su da fanka, kuma zafi ne ke yanke musu iyaka. Yanayin wasa a waya yakan toshe kira da sanarwa, ya rufe manhajojin baya, amma kuma yakan rage ƙyallin hoto ko ya ƙayyade yawan hotuna da gangan don kare baturi. A watan Maris na 2022 aka gano a Koriya ta Kudu cewa tsarin Samsung mai suna Game Optimizing Service yana rage ƙarfin Galaxy S22 a cikin wasanni, alhali yana barin manhajojin awon gudu su yi aiki da cikakken ƙarfi. Geekbench, ɗaya daga cikin masu irin waɗannan manhajojin awo, ya cire wayoyin Galaxy S10 zuwa S22 daga jadawalinsa, Samsung kuma ya fitar da sabuntawa da ta ba mai waya zaɓi. Wannan lamari shi ne hujja mafi ƙarfi cewa sunan tsari ba ya nuna alkiblar da yake tura na'ura.

Yaɗuwa a yankin

Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a a jihar Maraɗi su ne Tecno da Itel da Infinix, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, sai Samsung. Da yawansu kan shigo ta hanyar Kano da Katsina da Jibiya zuwa Ɗan Isa, garin kan iyaka da ke cikin gundumar Madarunfa. Masu matsakaicin farashi suna zuwa da yanayin wasa a ciki, tare da wani tsari na aro daga ma'ajiyar waya a mai da ita ram, wato wurin ajiyar wucin gadi na ayyukan da ke gudana. Wannan aro yana hana manhajoji rufewa da wuri, sai dai ma'ajiya ba ta kai ram na ainihi sauri ba, saboda haka ba ya ƙara wa wasa hoto ko ɗaya.

Kwamfutoci ba su kai wayoyi yawa ba, kuma akasarinsu na hannu ne, irin HP da Dell da Lenovo da aka ƙera don aikin ofis, masu sashen zana hoto na Intel da ke raba ram da furosesa. Irin waɗannan su ne suka fi cin moriyar Game Mode, amma su ne kuma ba sa iya amfani da sabbin tsare-tsare, kamar barin katin hoto ya tsara aikinsa da kansa, wanda Microsoft ya kawo a 2020 kuma sai da katin zamani yake aiki. Gidajen gem da ke hayar PlayStation ba su shiga wannan lissafi ba, domin manhajar na'urar tun asali don wasa aka gina ta.

Muhimmanci

Abubuwa uku da ke wajen ikon babbar manhaja sun fi yanayin wasa tasiri a Madarunfa, kuma na farkonsu zafi ne. Apple ya ƙayyade cewa a yi amfani da wayoyinsa tsakanin digiri 0 da 35 a ma'aunin Salshiyos, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a yankin Maraɗi kan wuce digiri 40. Wayar da ta fara wasa a irin wannan yanayi ta riga ta kusa iyakarta, cikin ƴan mintuna za ta rage gudun furosesa don kada ta lalace, ko an zaɓi cikakken ƙarfi ko ba a zaɓa ba. Zaɓin cikakken ƙarfin ma yakan gaggauta isowar wannan lokaci. Wasa yayin da waya ke caji, ko tana cikin murfin roba mai kauri, yana ƙara tsananta shi. A kwamfuta kuwa ƙurar hunturu ce ke toshe fanka, har na'urar ta riƙa ɗaukar zafi ko a lokacin sanyi.

Na biyu wutar lantarki. Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna dogara da layin da ke tasowa daga Katsina zuwa Gazawa, wanda aka katse a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, har zuwa farkon 2024. Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka cire daga wuta tana rage ƙarfinta da kanta don baturi ya daɗe, kuma wannan ragi ya fi duk abin da Game Mode zai iya maidowa. Mai wayar da ke biyan kuɗin caji a shago shi ma zaɓin tanadin baturi ya fi yi masa amfani.

Na uku layin sadarwa. Wasannin da ake bugawa da wasu ta intanet suna aika saƙo zuwa manyan na'urori da ke wajen Nijar, ƙasar da ba ta da gaɓar teku, wadda sai ta maƙwabta take kaiwa ga igiyoyin ƙarƙashin ruwa. Haske a cikin igiyar gilashi yana ɗaukar kimanin milisakan 5 a kowane kilomita 1,000, kafin a haɗa da cunkoson eriyar Airtel ko Moov ko Zamani. Yanayin wasa na iya hana wata manhaja cinye data, nisan tafiyar kuwa yana nan yadda yake.

Hukuncin da awo ya goyi baya shi ne a bar tsarin a kunne, domin ba ya cin kuɗi kuma yana kawar da katsewar kira da sanarwa, a kashe shi kawai idan wani wasa ya nuna tangarɗa da shi. Ƙarin gudu na zahiri a na'urorin da ake da su a Madarunfa yana samuwa ne daga rage ƙyallin hoto a cikin wasan kansa, da share ƙurar fanka, da ƙara sandar ram ta biyu a kwamfutar ofis, da kuma buga wasa bayan rana ta faɗi.