Mawallafi

mawallafi [mawàllàfii] *sn., nj.*, *mc.* mawallafiya [mawallafìyaa], *jam.* mawallafa [mawàllàfaa].

1. Marubucin littafi: *Abubakar Imam ne ~n Ruwan Bagaja.*

2. Mutum ko kamfanin da ke tace rubutu, ya buga, ya rarraba, kamar NNPC, Zariya (1966): *Ba malami ya duba rubutunki kafin ki aika wa ~. Ajiye kwafi, karanta yarjejeniya kafin ka sa wa ~ hannu.*

3. Mai buga littafinsa da kuɗin aljihunsa, kamar marubutan adabin kasuwar Kano: *~n Rimin Gado ya kai aikinsa maɗaba'a a birni.*

*Dangi:* wallafa [wallàfaa] *aik.*, wallafawa [wallàfâawaa] *sn., mc.*

*Duba:* marubuci, maɗaba'a, talifi.