Ƙwayoyin Nano da Ake Haɗawa da Ruwan Tsirrai: Nazari kan Ingancinsu wajen Tace Dagwalo da Kashe Tsutsar Sauro

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi iƙirarin da ake yi cewa ƙwayoyin nano da aka haɗa da ruwan ganye za su iya tace gurɓataccen ruwa, su kuma kashe tsutsar sauron da ke ƙyanƙyashewa a cikinsa. An auna iƙirarin da sanannun ayyukan kimiyyar sinadarai da na muhalli, da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, da kuma yanayin dagwalon masana'antun fata na Kano. Nazarin ya nuna cewa sinadaran da ke cikin dagwalo, musamman salfayid da kulorayid, suna dakushe ƙarfin ƙwayoyin azurfa, wato su ne aka fi dogaro da su wajen kashe tsutsa. Ƙwayoyin baƙin ƙarfe sun fi cancantar a zuba musu ƙarfi a fannin tace ruwa.

1. Gabatarwa

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ruwa na shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na gurɓataccen ruwan duniya ana sakinsa ne ba tare da an tace shi yadda ya kamata ba. A ɓangaren lafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro sau miliyan 249 a shekarar 2022, mutum 608,000 suka rasu, kuma kusan kashi 31 cikin 100 na mace-macen a Nijeriya suka auku. Matsalolin biyu sukan haɗu a wuri guda. Kwatar da ta toshe da kududdufin bayan masana'anta su ne matattarar sauro, don haka ba abin mamaki ba ne masu bincike su yi kwaɗayin samun magani guda da zai magance duka biyun.

Nanomita kaso ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma ƙwayar nano ita ce wadda girmanta ya kama daga nanomita 1 zuwa 100. Kaurin silin gashin mutum yakan kai nanomita 80,000. Idan ƙarfe ya ƙanƙance haka, fuskar da yake cuɗanya da ruwa takan yawaita ƙwarai, halinsa ma yakan sauya. A tsohuwar hanya, ana samar da irin waɗannan ƙwayoyi ne da sinadarai masu haɗari kamar sodiyam borohaidirayid. Bayan da Paul Anastas da John Warner suka fitar da ƙa'idoji 12 na kimiyyar sinadarai mai kiyaye muhalli a 1998, hankali ya karkata ga tsirrai. A 2002 ƙungiyar Jorge Gardea-Torresdey ta Jami'ar Texas da ke El Paso ta nuna cewa ciyawar alfalfa tana samar da ƙwayoyin zinare a jikinta. A 2004 Shiv Shankar da Murali Sastry da abokan aikinsu a birnin Pune na Indiya suka haɗa ƙwayoyin azurfa da na zinare da dafaffen ruwan ganyen darbejiya. Daga nan maƙalu suka yi ta kwarara, da wuya a samu ganyen da ba a gwada ba.

2. Hanyar Nazari

An bi hanyar bitar ayyukan da suka gabata tare da tantance su. Tambaya guda aka riƙa yi wa kowane sakamako: a wane irin ruwa aka yi gwajin, kuma me zai faru da ƙwayar idan ta shiga ruwan da ake son tacewa da gaske?

3. Yadda Ruwan Ganye ke Samar da Ƙwayar

Hanyar ba ta da wahala, kuma sauƙin nan shi ne ya sa ta bazu a jami'o'in da ba su da tsadaddun kayan aiki. Ana dafa ganye, a tace, a zuba ruwan a cikin narkakken gishirin ƙarfe, galibi azurfa naitiret mai ƙarfin milimola 1. Sinadaran ganyen, irin su folifinol da tanin da filabonoyid, suna miƙa wa ayon ɗin azurfa ilektiron, ya koma ƙarfe tsantsa, sannan su lulluɓe ƙwayar don kada ta dunƙule. Ruwan yakan juya zuwa rawaya mai duhu ko ruwan ƙasa, na'urar auna haske kuma ta nuna tudu tsakanin nanomita 400 da 450.

Rauni na farko yana nan. Ganye ba sinadari guda ba ne. Zogalen da aka tsinka da rani a Maraɗi ba zai yi daidai da wanda aka tsinka da damina a Zariya ba wajen yawan folifinol, kuma girman ƙwaya da siffarta sun rataya ne a kan wannan yawan, da zafin dahuwa, da tsamin ruwan. Mai binciken da bai auna folifinol ɗin ruwan ganyensa ba ya rufe wa na bayansa ƙofar maimaita aikin. Sauyin launi da tudun na'ura shaida ce cewa an samu ƙwaya, amma ba su faɗin yawan azurfar da ta rage a narke.

4. Tace Dagwalo

Ayyuka uku ake jingina wa ƙwayoyin a nan: zuƙe ƙarafa masu guba, wargaza rini da taimakon haske, da kashe ƙwayoyin cuta.

Wargaza rini ya dogara ne da zinki oksayid da taitaniyam dayoksayid, bisa tushen da Akira Fujishima da Kenichi Honda suka kafa a 1972. Matsalar ita ce dukansu biyu hasken ultirabayolet ne ke motsa su, shi kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba, kuma ba ya ratsa baƙin ruwa mai kauri. Mafi yawan gwaje-gwajen ana yin su ne da shuɗin metilin da aka narka a tataccen ruwan ɗakin gwaji, ana ɗaukar gushewar launi a matsayin nasara. Gushewar launi dai ba wargajewar rini ba ce. Rinin yana iya maƙalewa kawai a jikin ƙwayar. A gwajin da ake yi da azurfa tare da borohaidirayid kuwa, shuɗin metilin yakan koma wani nau'i marar launi, wanda kan dawo shuɗi da zarar ya sha iska. Ga shi kuma an dawo da sinadarin da tun farko aka ce ana gudunsa. Awon da ke raba gardama shi ne na jimillar kabon da ya rage a ruwan, kuma da yawan maƙalu ba sa kawo shi.

Ƙwayoyin baƙin ƙarfe sun fi ba ni ƙwarin gwiwa. George Hoag da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa ana iya haɗa su da ruwan ganyen shayi, kuma suna wargaza rini idan aka haɗa su da haidirojin feroksayid. Baƙin ƙarfe yana da arha, gubarsa ga halittun ruwa ba ta kama ƙafar ta azurfa ba, kuma nau'in magnetayit ana iya janye shi daga ruwa da maganaɗisu bayan ya gama aiki. Wannan janyewa ita ce ke hana maganin da kansa ya zama sabon abin gurɓata ruwa. A nan akwai alaƙa ta gaskiya da sana'ar ƙasar Hausa. Bagaruwar da majema ke jima da ita cike take da tanin, kuma dukawa sun daɗe suna baƙanta fatar da aka jeme da ita ta hanyar shafa mata kuloko, wato ruwan ƙarfe. Haɗuwar tanin da ƙarfe ce ke ba da baƙin. Wannan ya kamata ya sa mai bincike ya yi hattara, domin baƙin da yake gani a kwalbarsa yana iya zama haɗin tanin da ƙarfe ne kawai, ba ƙarfe tsantsa ba kamar yadda ake yawan rubutawa. Haɗin yana da amfani wajen zuƙe guba, sai dai dole a kira shi da sunansa, a kuma auna shi a matsayinsa.

Batun kuromiyam ma yana buƙatar gyara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ruwan sha ita ce miligiram 0.05 a lita. Masu gwaji sukan yi amfani da fotasiyam daikuromet, mai ɗauke da kuromiyam mai caji 6, su nuna yadda ƙwayar ke mayar da shi mai caji 3. Amma kamfanonin fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai, kamar sauran na duniya, da mai caji 3 suke jima, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa yakan bi ruwa ya fita. Wannan nau'in ana iya kwantar da shi da farar ƙasa ko magniziyam oksayid, har a sake amfani da shi. Gurbin ƙwayar nano, idan tana da shi, yana matakin ƙarshe ne, wajen kwashe ragowar da arhar hanya ta kasa kamawa kafin ruwan ya isa kogin Challawa, ko rafin Getsi da Jakara inda masu lambu ke ban-ruwa da shi.

5. Kashe Tsutsar Sauro

Dalilin neman sabon magani a fili yake: sauro ya bijire wa rukunin fairetiroyid da ake sa wa gidan sauro a faɗin Afirka ta Yamma. Kadarkarai Murugan na Jami'ar Bharathiar da ke Indiya da Giovanni Benelli na Jami'ar Pisa da ke Italiya suna cikin waɗanda suka fi wallafa bincike kan ƙwayoyin azurfa na tsirrai a matsayin maganin tsutsa, kuma sakamakon ɗakin gwaji yana nuna mutuwar tsutsa a ma'aunin miligiram kaɗan a lita.

Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 ta tsara matakai uku. A na farko ana zuba tsutsa 25 mai mataki na uku ko na huɗu a kowane kofi, a ƙirga matattu bayan awa 24, a gyara lissafi da dabarar Abbott idan mutuwar rukunin da ba a sa wa magani ba ta kama daga kashi 5 zuwa 20. Na biyu ƙaramin gwajin fili ne, na uku babba. Galibin ayyukan ƙwayoyin nano a matakin farko suka tsaya, kuma babu ƙwayar azurfa a jerin magungunan tsutsa da hukumar ta amince da su.

Ko a matakin farkon ma da sauran magana. Milimola 1 na azurfa naitiret yana ɗauke da azurfa kimanin miligiram 108 a lita. Idan kashi 5 cikin 100 kawai ya rage bai koma ƙwaya ba, akwai fiye da miligiram 5 na narkakkiyar azurfa a kowace lita. Ganyen darbejiya shi ma yana da azadiraktin, wanda shi kaɗai yana hana tsutsa girma. To wa ya kashe tsutsar, ƙwayar ko ragowar azurfar ko ganyen? Gwajin da bai ware ukun nan a kofuna daban-daban ba, tare da ƙwayar da aka wanke, ba zai iya amsawa ba.

6. Inda Ayyukan Biyu Suka Yi Karo

A 2012 ƙungiyar Pedro Alvarez ta Jami'ar Rice a Amurka ta nuna cewa idan aka hana ƙwayar azurfa iska, ta yadda ba za ta saki ayon ba, kusan ba ta kashe bakteriya. Wato gubar daga ayon ɗin take fitowa. Shekara guda kafin nan, Ralf Kaegi da abokan aikinsa a cibiyar binciken ruwa ta Eawag a Suwizalan sun bi sawun ƙwayoyin azurfa a ƙaramar matatar ruwan kwata, suka tarar mafi yawansu sun rikiɗe zuwa azurfa salfayid, wanda ba ya narkewa, suka kwanta a laka.

A ɗora wannan a kan dagwalon kamfanin fata. Ana adana ɗanyar fata da gishiri, ana tuge gashi da farar ƙasa da sodiyam salfayid, don haka ruwan ya cika da kulorayid da salfayid, kuma iska ta yi masa ƙaranci. Kwatar gari ma haka take, warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga cikinta salfayid ne. A irin wannan ruwa sauron Culex quinquefasciatus ya fi yin ƙwai, kuma a nan ne azurfa za ta fi saurin dakushewa. A ruwa mai tsafta kuwa, inda ƙarfinta zai ɗore, ayon ɗin azurfa yana kashe ƙananan halittu irin su Daphnia a ma'aunin mikirogiram kaɗan a lita, kusan ninki dubu ƙasa da abin da tsutsa ke buƙata. Waɗannan halittu su ne abincin ƙananan kifaye, kifayen kuma su ne ke cinye tsutsar sauro. A matatar ruwa ma, an nuna cewa azurfa tana danne bakteriyar da ke sarrafa amoniya. Haɗa ƙwaya da ganye yana tsaftace hanyar samar da ita ne, ba ya sauya halin azurfa bayan ta shiga rafi.

Sauron zazzaɓi ma bai ba da kafa ba. Anopheles gambiae ya fi son ƙananan kududdufai na damina, masu yawa da saurin ƙafewa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maganin tsutsa ya dace ne inda matattarar ba ta da yawa, tana wuri guda, kuma ana iya gano ta. Anopheles stephensi, wanda ya ɓulla a Jibuti a 2012, aka kuma gan shi a jihar Gombe a 2020, a tankuna da randunan ajiye ruwa yake ƙyanƙyasa. Babu mai hankalin da zai zuba azurfa a ruwan da iyali ke sha, bayan ga temefos da bakteriyar Bti, wadda aka gano a 1976, da aka riga aka tantance su don irin wannan ruwa. A kwata kuwa akwai Lysinibacillus sphaericus, mai daɗewa yana aiki a gurɓataccen ruwa.

7. Gwajin da Ya Kamata a Yi

Da waɗannan magunguna ya kamata a gwada kowace sabuwar ƙwaya, kafaɗa da kafaɗa, a faɗi kuɗin tace mita kubik ɗaya na ruwa. Ɗalibin digiri na biyu a Kano ko Sakkwato ko Yamai yana da abin da ɗakunan gwajin Turai ba su da shi a kusa, wato dagwalon gaske da tsutsar gida. Ya ɗebo ruwan daga bakin magudanar masana'anta a rani da damina, ya auna salfayid da kulorayid da kuromiyam ɗinsa kafin ya zuba komai. Ya haɗa magnetayit da ruwan bagaruwa ko na zogale, ya faɗi yawan folifinol ɗin da ya yi aiki da shi. Bayan tacewa ya auna ƙarfen da ya zube a ruwan, da yawan lokutan da ƙwayar ta sake aiki bayan an janye ta, da inda za a kai lakar da ta zuƙe kuromiyam. Idan tsutsa yake gwadawa, ya yi a ruwa biyu, tatacce da na kwata, ya sa Daphnia da 'ya'yan karfasa a gefe, ya kuma wallafa sakamakon ko da ya nuna cewa ƙwayar ta gaza a ruwan kwata.