Ciyawar Tekun da Ba Ta Tsoron Zafi

Garin Chino yana cikin duwatsun lardin Nagano na ƙasar Japan, inda babu teku ko a kusa. Amma duk shekara, daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan an gama girbin shinkafa, sai a kafa katakai a gonakin da suka bushe, a jera wasu dogayen curi masu sheƙi, dubbai, suna fuskantar sama. Ruwan ciyawar teku ne da aka tafasa a manyan tukwane, aka tace, aka bari ya kama jikinsa, sannan aka yanyanka. Da dare sanyi ya mayar da su ƙanƙara. Da hantsi rana ta narkar da ƙanƙarar, ruwa ya tsiyaye ya tafi da ƙarni da datti. Dare ya sake yi, a koma gidan jiya. Bayan kamar mako biyu, abin da ya rage fari ne, busasshe, ba shi da nauyi a hannu, ba wari ba ɗanɗano. Japanawa na ce masa kanten, sauran duniya kuma agar-agar, sunan da ya fito daga bakin mutanen Malesiya da Indonesiya. Shi ne asalin farin garin nan da uwargida ke saya a 'yar leda idan tana son haɗa jelin 'ya'yan itace wanda ba a sa masa komai na dabba ba.

Cin ruwan ciyawar ya girmi busar da shi nesa ba kusa ba. Tun ƙarni na 8 mutanen Japan ke dafa wata jar ciyawa da suke kira tengusa, su bar ruwanta ya daskare, su matsa shi ta wani akwati mai raga ya fito zare-zare kamar taliya. Sunan abincin tokoroten, kuma har yau ana cinsa da bazara. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya ajiyuwa. Sai a ci a ranar ko a zubar.

Labarin da Japanawa ke bayarwa ya ce wani mai masauki ne a Fushimi, kusa da Kyoto, mai suna Minoya Tarozaemon, ya gano mafita, kuma yawanci ana sa abin a shekarar 1658. A zamanin, dole ne sarakunan larduna su riƙa zuwa Edo, wato Tokyo ta yau, suna zaman fada, kuma ayarinsu kan yada zango a hanya. Sarkin Satsuma na gidan Shimazu ya sauka a masaukin Minoya cikin tsananin hunturu, aka yi masa tokoroten, aka fitar da ragowar waje. Bayan 'yan kwanaki Minoya ya tarar ragowar ta bushe ƙayau. Maimakon ya share ta, sai ya mayar da ita tukunya. Ta narke, ta sake daskarewa, kuma wannan karon ta fi ta farko haske, warin teku ya gudu. An ce ya kai wa Ingen, malamin addinin Buda da ya zo daga ƙasar Sin a 1654 ya kafa haikalin Manpukuji a Uji, shi kuma ya ɗanɗana ya ce wannan abincin masu ibada ne.

Hukuncin Ingen yana da nauyi, domin mabiyansa ba sa cin nama ko kifi. Ke nan tun ranar farko, masu ƙaurace wa naman dabba ne suka fara rungumar agar, ƙarni uku kafin abin ya zama yayi a Turai da Amurka.

Sana'ar ta bi sanyi. A ƙarshen ƙarni na 18 wani mutum mai suna Miyata Hanbei ya kai ta tsaunukan Settsu, arewa da Osaka, ya gyara yadda ake yi. Wajen shekarun 1830 zuwa 1840 wani ɗan koli daga yankin Suwa, Kobayashi Kumezaemon, ya ga yadda ake aikin, ya lura cewa garinsu ya fi can sanyi da bushewar iska, ya koyo ya koma gida. Manoman da kan zauna hannu rabbana duk tsawon hunturu suka sami sana'ar rani. Ana ɗauko busasshiyar ciyawa daga gaɓar teku a haura da ita duwatsu, a sauko da kanten, har jiragen ruwa suka riƙa fita da shi daga Nagasaki zuwa ƙasar Sin.

Masu kayan zaƙi ba su yi sanya ba. Suka haɗa shi da markaɗaɗɗen jan wake da sukari suka fitar da yokan, wani curi mai santsi da ake yankawa a sha shayi da shi, wanda kan daɗe bai lalace ba. A 1903 shagon Funawa da ke Asakusa a Tokyo ya fara sayar da mitsumame irin na zamani: a yanka kanten murabba'i ƙanana, a zuba 'ya'yan itace da dafaffen wake, a kwarara ruwan sukari. A 1930 shagon Wakamatsu na Ginza ya ɗora markaɗaɗɗen wake a kai, aka sami anmitsu. Jelin 'ya'yan itacen da ake yi a gida yau jikan waɗannan ne.

Kudu da Japan kuwa, inda zafi ke da ƙarfi, agar ya zama ɗan gida. A Filifin ana ce masa gulaman, ana yanka shi cikin abin sha mai sanyi. A ƙasar Bama ana dafa shi da madarar kwakwa, ya rabu hawa biyu da kansa, fari a sama, mai haske a ƙasa. A Indonesiya da Malesiya da Sri Lanka da kudancin Indiya, ya shiga kayan buɗa-baki na gidajen Musulmi, ana yi masa launi ja da kore a yanka shi a faranti kafin magariba. Dalilai biyu suka sa: ba ya buƙatar ƙanƙara kafin ya daskare, kuma babu shakku a kan halaccinsa.

A nan ne ya kamata a dubi abokin gasarsa, wato jelatin. Duk wanda ya taɓa barin farfesun ƙafar sa ko na ganda ya kwana, ya tashi ya ga romon ya daskare yana rawa, ya riga ya san jelatin. Daga fata da ƙashi ake tatso shi. Turawa sun daɗe suna yin jelinsu da ƙafar maraƙi, aiki mai cin wuni guda, kafin a mayar da shi gari, kafin kuma Pearle Wait ya fito da Jell-O a jihar New York a 1897. Kaso mai tsoka na jelatin da masana'antu ke yi a duniya daga fatar alade yake fitowa, shi ya sa Musulmi mai lura ba ya ɗaukar alawa mai danƙo ko kwalin jeli sai ya juya bayansa ya karanta. Ga kuma rauni na biyu: jelatin yana narkewa tun wajen digiri 35 na ma'aunin Selsiyos. Agar kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, kuma idan ya huce ya sauko ƙasa da digiri 40 sai ya kama jikinsa. Wannan tazara tsakanin inda yake narkewa da inda yake daskarewa ita ce dukiyarsa, ita ce kuma ta fitar da shi daga madafa ta kai shi inda Minoya bai taɓa mafarki ba.

A 1881, likitocin Jamus da ke tare da Robert Koch suna neman abin da za su shuka ƙwayoyin cuta a kansa, su tsiro daban-daban yadda za a gane wace ce wace. Sun gwada yankakken dankali, sun koma jelatin. Amma ƙwayoyin da ke kama ɗan Adam sun fi son ɗumin jikinsa, digiri 37, kuma a wannan ɗumin jelatin ruwa yake komawa. Wasu ƙwayoyin ma cinye shi suke yi. Ɗaya daga cikin likitocin, Walther Hesse, yana binciken ƙwayoyin da ke yawo a iska, zafin bazara na ta ɓata masa aiki. Matarsa Fanny, haifaffiyar New York a 1850, ita ke dafa masa romon da ake ciyar da ƙwayoyin, ita ke wanke kwalabe, ita ke zana masa hotunan abin da ya tsiro, duk ba albashi. Jelin da take yi wa iyalinta kuwa ba ya narkewa komai zafi. Da aka bi ba'asi, sai ta ce da agar take yi, ta koya tun tana yarinya daga maƙwabtan da suka taɓa zama a tsibirin Java. Aka gwada, ya tsaya cak, yana da haske ana ganin abin da ke tsirowa, kuma yawancin ƙwayoyin ba sa iya cinsa.

Walther ya sanar da Koch. A 1882, cikin rubutunsa kan ƙwayar tarin fuka, Koch ya ambaci agar a taƙaice, bai ambaci sunan Fanny ba, bai ambaci na mijinta ba. Iyalin ba su nemi ko sisi a kan abin ba. Ta rasu a 1934, kuma sai a 1939 wasu masana biyu a Amurka, Hitchens da Leikind, suka rubuta tarihin suka ba da shawarar a riƙa kiran abin da sunanta. Ba a bi shawarar ba. Julius Petri, wanda ya fito da farantin gilashi mai murfi a 1887, kowane ɗalibin kimiyya ya san sunansa, alhali abin da ake zubawa a cikin farantin daga tukunyar Fanny ya fito. Wannan rashin adalci ne, kuma bai kamata a riƙa ba da tarihin likitanci ana tsallake shi ba. A kan irin wannan faranti Alexander Fleming ya ga abin da ya kai ga maganin penisilin a 1928. Yau ma, majiyyacin da aka tura ɗakin gwaji a Kano ko Zinder ya kai fitsari, aka ce ya dawo jibi, jira ake ƙwayoyin su tsiro a kan agar.

Har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, kusan duk agar na duniya daga Japan yake fitowa. Da yaƙi ya toshe hanya, sai hankalin asibitoci ya tashi. A Birtaniya aka fitar da 'yan sa-kai, har da yara 'yan sikawut, suna tsintar ciyawa a gaɓar teku don a sami madadi. A New Zealand wata masaniyar tsirrai, Lucy Moore, ta gano irin ciyawar da ta dace, yaran makarantun ƙabilar Maori suka taya tarawa. Daga baya masana'antu suka tsaya da ƙafarsu a Sifen da Fotugal da Maroko. Maroko ta zama babbar mai fitar da Gelidium, ciyawar da ke ba da agar mafi kyau na ɗakin gwaji, wadda masu nutso ke cirowa daga duwatsun ƙarƙashin ruwa a yankin El Jadida. Ba ta nomuwa da sauƙi, sai dai a ciro ta inda Allah ya tsirar da ita. Da gwamnatin Maroko ta ga ana neman ƙarar da ita, ta taƙaita cira da fitarwa, zuwa 2015 aka shiga ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Madafa ba ta ji jiki sosai ba, domin yawancin agar na abinci daga wata ciyawar ake yinsa, Gracilaria, wadda ake nomawa a Indonesiya da Sin da Chile.

Garin da masana'anta ke fitarwa ya sauƙaƙa aikin da kan ci wa manoman Chino mako biyu. Cokalin shayi ɗaya, wato kamar giram 2, yana daskarar da kofi ɗaya na ruwa. Sharaɗin da ba a tsallakewa shi ne tafasa: a zuba garin a ruwan sanyi, a ɗora a wuta ana juyawa, ya tafasa kamar minti biyu har a daina ganin ƙwayarsa a bayan cokali. Wanda ya saba da jelatin ya jiƙa shi a ruwan ɗumi kawai, zai jira har dare bai ga komai ba. Sai a sa sukari, a sauke, a zuba ruwan mangwaro ko na kankana, a jera yankakkun 'ya'yan itace a kwano a kwarara a kai. Kada ruwan 'ya'yan itacen ya fito kai tsaye daga firij, don sanyinsa zai sa agar ya dunƙule tun kafin a gama juyawa. Cikin awa ɗaya ya kama, ko an ɗauke wuta. Idan ya yi ruwa-ruwa, a mayar da shi tukunya a ƙara gari, zai sake daskarewa.

Ɗanyar abarba da gwanda suna hana jelatin kamawa, saboda sinadarin da ke cikinsu mai narkar da nama, amma ba su da ta cewa a kan agar tunda shi ba nama ba ne. Abin da yake tsoro tsami ne idan ya haɗu da wuta. Zoɓo, tsamiya da lemun tsami suna karya ƙarfinsa in aka tafasa su tare, don haka a dafa agar a ruwa zalla, a sauke, sannan a zuba su, a kuma ɗan ƙara yawan garin. Wanda ke jiran jeli mai rawa da narkewa a baki zai ga bambanci: na agar tsayayye ne, yana yankuwa da wuƙa tsaf, yana fashewa a haƙori. Masu son ya yi laushi sukan rage garin zuwa rabin cokali da ɗoriya, ko su maye rabin ruwan da madarar kwakwa.