Idan Saƙon Jijiya Ya Kasa Isa Ga Tsoka

Ya kai mai karatu, in za ka ɗaga hannunka, ƙwaƙwalwa ce take aika saƙo ta cikin jijiya zuwa ga tsoka. Tsakanin bakin jijiyar da tsokar akwai ɗan gibi wanda ido ba ya gani. Wani sinadari mai suna asetilkolin shi yake ƙetarar da saƙon, sa'an nan jiki ya share shi nan take. Idan wannan aiki ya ɓaci, ƙarfin mutum yakan tafi ko da tsokarsa lafiya lau take.

Akwai cutar da ake kira mayasteniya, inda garkuwar jiki take toshe wurin da saƙon yake sauka. Fatar ido takan sauko, mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, tauna da haɗiya su yi wuya. Da safe da sauƙi, da maraice abin ya tsananta. Ba ta yaɗuwa, kuma tana da magani. Dafin gamsheƙa ma haka yake toshe saƙon, cikin sa'o'i kaɗan.

Amma abin da ya fi kusa da manomin Dungu da kewayen Matameye shi ne maganin ƙwari, irin wanda ake fesa wa wake da kayan lambu. Da yawa daga cikinsa yana hana jiki share sinadarin nan, sai saƙo ya yi ta zuwa ba tsayawa har tsoka ta gaji ta saki. Yana shiga ta baki, ta hanci, har ta fata. Alamominsa su ne dalalar miyau, gumi, amai, zawo, ƙanƙancewar ƙwayar ido da rawar nama. Haɗarin yana ga numfashi, domin shi ma aikin tsoka ne.

Idan ka ga haka, ka fitar da mutumin zuwa iska, ka tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, ka wanke jikinsa da ruwa da sabulu, kai ma kana kare hannunka. Kada ka ba shi nono ko mai, ko da mutane sun ce yana karya guba, kuma kada ka sa shi amai. Ka kwantar da shi a gefe guda, ka gaggauta kai shi gidan likita tare da kwalbar maganin. Akwai allurar atirofin da ake yi wa irin wannan guba. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi asibitin Matameye ko babban asibitin Damagaram.