Ramin Ƙusa Shaida Ne: Muhawara Kan Sake Wa Kujera Mai Fiffike Riga

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi gyaran tsohuwar kujerar Ingila mai fiffike, tana jayayya da masu ganin sabon yadi shi ne gyara. Hujjarta ita ce tarihin kujerar yana ƙarƙashin riga, a jikin katako da ciko. Wanda ya ɗauki guduma bai karanta su ba, gyaran gangar Auzinawa zai yi.

Gabatarwa

Kujera ce mai dogon baya, da fiffike biyu da suka taso daga kafaɗa suka sauka kan hannuwa. Sanyin Ingila ne ya haife ta a ƙarshen ƙarni na 17, lokacin da murhun bango kaɗai ke ɗumama ɗaki, iska kuma tana kurɗowa ta ƙofa da taga. Fiffiken yana tare iskar, ya riƙe wa mai zama ɗumin wuta. A gidan Ham House da ke kusa da Landan, har yau akwai kujerun barci biyu na shekarun 1670 masu wannan siffa. Ta yi tashe a zamanin Sarauniya Anne, daga 1702 zuwa 1714, kuma littafin zanen George Hepplewhite na 1788 ya kawo samfurinta. A Amurka ta ƙarni na 18 galibi a ɗakin kwana ake ajiye ta, don tsofaffi da marasa lafiya.

Abin da Riga Ta Rufe

Ƙafafu kaɗai ake gani na katakon wannan kujera, shi ya sa kafinta ke yin su da mai tsada irin mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu. Sauran firam ɗin na katako ne mai araha. Ke nan siffar da ido ke yabawa aikin mai ciko ce. Shi ke ɗaure ɗamarar lilin a kan firam, ya shimfiɗa tsumma mai kauri, ya jera murɗaɗɗen gashin doki, ya bi gefe da ɗinki har bakin fiffike ya tsaya cak, sannan ya rufe da lilin kafin yadin ado ya hau.

Kowane mataki da ƙusoshinsa, kuma a nan matsalar take. Duk sake riga sai an cire ɗaruruwan ƙusoshi an buga wasu. Kujerar da ta sha gyara shida ko bakwai, katakon gefenta yakan koma kamar rariya, ƙusa ta shiga ta kasa kamawa. Amma waɗannan ramuka su ne kundin tarihinta. Ƙusar maƙeri dabam take da wadda inji ya yanka, dabam kuma da ta waya da ta zo daga baya. Jerin ramuka mafi tsufa yana nuna inda yadin farko ya tsaya. Wani lokaci a ƙarƙashin kan wata tsatsattsiyar ƙusa sai a tarar da silin ulu da bai kai tsawon farce ba, ja ko kore. Wannan ɗan zare kaɗai ya rage da zai faɗi launin kujerar ran da ta bar shago. Mai gaggawa da burushi yake share shi.

Ɓarnar da Ake Kira Ci Gaba

A 1828 Samuel Pratt ya yi rajistar sifirin na kujera a Landan. Daga nan masu gyara suka riƙa cusa shi a kujerun da suka girme shi da shekara ɗari, mazauni ya kumbura, tsarin ya jirkice. A shekarun 1950 soson roba ya mamaye sana'ar saboda araha da sauri. Duk mai kujerun kushin a gida ya san ƙarshensa: ya lotsa, ya yi garin da ke zuba ƙasa. Gashin doki kuwa ana wanke shi, a barbaza, a mayar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Darajar abin da ake zubarwa ta bayyana a kujerar da ke gidan tarihi na Metropolitan a New York. Mai ciko Caleb Gardner ya rubuta sunansa da garinsa Newport da shekarar 1758 a jikin firam, kuma rigarta ta asali mai aikin allura tana nan. Da wani mai son sabo ya tuɓe ta, da masana sun rasa ma'aunin gwada sauran.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Mai ja zai ce kujera don zama aka yi ta, kuma masu ita na farko ma suna sake mata yadi. Gaskiya ne, sai dai kujera suna ta tara. Ta gidan tarihi ba a zama a kanta, don haka masana irin Leroy Graves na gidan tarihin Colonial Williamsburg suka inganta dabarar gina ciko a kan wani allo da ake ɗorawa a cire, ba tare da sabuwar ƙusa ta taɓa tsohon katako ba. Ta falo kuwa dole ta ɗauki nauyin mutum. Ita ma tana da haƙƙi: a ɗauki hoto a kowane mataki na tuɓewa, a cike ramuka ba a sauya katako ba, a haɗa gaɓoɓi da gam ɗin fata mai sakewa da ruwan ɗumi, a bar cikon asali in yana da sauran ƙarfi, a ajiye ƙyallen tsohon yadi a ciki.

Kammalawa

Riga an yi ta ne don ta tsufa a sauya. Firam da ciko kuwa in sun tafi ba su dawowa. Saboda haka ba a ranar da kujera ta fito tana ƙyalli ake auna gwanintar mai gyara ba. Sai bayan shekara hamsin, ran da wani ya ɗaga rigar da mai gyaran ya sa, ya tarar da silin ulun nan yana inda yake.