Gyambon lemu: ƙwayar cuta ɗaya, ƙarfi daban-daban

Gyambon lemu, wanda ake kira chancre des agrumes da Faransanci, cuta ce da ƙwayar bakteriya Xanthomonas citri ke haddasawa. Ana gane ta da ƙuraje masu kaushi, launin ƙasa-ƙasa, da zobe rawaya kewaye da su, a ganye da reshe da ɓawon 'ya'ya. Ba ta cutar da mutum, amma tana zubar da 'ya'ya tun ba su nuna ba, ta kuma karya farashin waɗanda suka rage.

Ɓarnarta ta danganta da nau'in ƙwayar. Nau'in A yana kama kusan duk dangin lemu, ya fi tsananta wa garehul da lemun tsami. Nau'in A*, da aka fara ganowa a ƙasashe irin su Oman da Iran, da nau'in Aw na Florida a Amurka, galibi lemun tsami suke ci, su bar lemun zaƙi. Ƙurajensu duka iri ɗaya ne a ido, sai gwaji ke bambance su.

A Afirka ta Yamma an ba da rahoton cutar a Mali a 2008, daga baya a Senegal da Burkina Faso, kuma nau'in A ne. Ruwan sama mai iska ke yaɗa ta cikin gona, dashe kuma ya tsallaka da ita iyaka. Saboda haka ɗan kasuwar Zongon Lome da ke shigo da dashen lemu daga arewa ya dubi ganyen kafin ya biya.